Siddiƙu na Ƙofar Kware da Dokinsa Auta

Ranar Juma'a, goma sha biyu ga watan Shawwal na shekarar 1329, wadda ta zo daidai da shida ga Oktoban 1911 a lissafin Nasara, Siddiƙu ya fara haɗuwa da Maigandi. A bakin gulbi ne, gangaren Ƙofar Kware, inda masu dawaki ke kai dabbobinsu wanka da hantsi. Siddiƙu ya iso a ƙasa, yana jan dokinsa da igiya kamar mai kai akuya kasuwa, daga shi sai taguwa da hula. Duk wanda ya san shi a Sakkwato ya san ba haka yake fita ba, ya kuma san bai taɓa barin rumfarsa a rufe ranar kasuwa ba sai ran nan.

Shi dai Siddiƙu ɗan kasuwa ne, mai sayar da fararen tufafi na saƙar gida. Lokacin ya ɗan haura shekara arba'in. Ba attajiri ba ne, amma ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba. Mahaifinsa yana cikin waɗanda suka yi hijira gabas shekarar da Nasara suka shigo gari. Bai dawo ba, ba a kuma sami labarin inda ƙasa ta rufe masa ido ba. Abu biyu ya bar wa ɗansa: goɗiya mai ɗingishi wadda ba za ta iya doguwar tafiya ba, da rawaninsa ɗan Kura, baƙi mai walƙiya, irin wanda ake buga wa shuni har ya riƙa zuba a goshin mai shi. Siddiƙu ya naɗe rawanin a takarda ya ajiye a adaka. Ba ya fito da shi sai zai hau doki, domin a ganinsa, kamar yadda yake a ganin kowane magidanci na lokacin, mutum ba ya hawa sirdi da kai haka nan ba rawani, sai ka ce ɗan aike.

Goɗiyar ta yi haihuwa ba ɗaya ba, amma 'ya'yan ba su tsaya ba. A haihuwar ƙarshe ita ce ba ta tashi ba, ta bar dukushi ja mai farin goshi, yana rawar ƙafa a tsakar gida. Dijatu, matar Siddiƙu, ita ta raine shi da nonon jar akuya da kunu, tana ɗura masa da ludayi. 'Ya'yanta sun riga sun girma, sai ta sa masa suna Auta. Yakan bi ta har bakin murhu, in tana daka ya tsaya yana jiran tsaki. In ya yi ɓarna sai ta kaɗa harshe ta sosa masa ƙarƙashin haɓa, nan take ya saki jiki.

Da Auta ya isa hawa, Siddiƙu ya yi abin da kowa ke yi. Ya kai shi wurin wani mai horon dawaki a bayan gari, ya bar shi can damina guda. Doki ya dawo da tabo a gefen baki inda linzami ya yage shi, da shatar bulala a cinya. Mutane suka ce ai haka horo yake. A gida yana nan yadda aka san shi, sai dai ya rage wasa. Amma da zarar Siddiƙu ya shirya ya zo hawa, sai ya zama wani doki dabam: ido ya yi ja, kunne ya kwanta, ya riƙa tutsu yana miƙewa da ƙafafun baya. Aka ba shi shawara ya ƙara nauyin linzami, ya ƙara. Aka ce ƙaimi, ya sa. Abin sai gaba yake yi.

Juma'ar da ta gabaci wadda muka fara da ita, Auta ya ƙwace da shi a bakin Ƙofar Kware, kasuwa na ci. Ya bi ta kan wata tsohuwa mai sayar da fura, ana ce da ita Delu, ya karya mata hannu. Mai unguwa Junaidu ya kira Siddiƙu gaban dattawa ya yanke magana. Ya ba shi zuwa jajibirin Babbar Salla. Ran nan zai hau dokin ya ratsa ƙofar a gabansa, cikin jama'a. In ya wuce lafiya, shi ke nan. In ko ya sake yin tutsu, to, ba zai ƙara kwana a unguwar ba, sai a miƙa shi ga dillalin da ke saya wa sojan Bariki dawaki. Kowa kuwa ya san dokin da ya bi wannan hanya ba ya dawowa.

Da wannan nauyi a zuciya Siddiƙu ya gangaro gulbi. Ya tarar da dattawa biyu tsirara daga cibiya zuwa sama, sun naɗe wando, kowa yana cuɗa dokinsa. Gajeren cikinsu ne ya fara hango shi.

"Kai, Maigandi, ja kilinka gehe!" in ji shi da ƙarfi. "Ga dodon Ƙohwar Kware nan ya zaka. Wanga na yak karya Delu mai hura!"

Siddiƙu ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya juya zai koma, sai dogon ya ɗaga hannu.

"Taho, ɗana, gulbi ba na ubanai ba na. Rabu da Tambari, taubashina na. Bakinai ya hi basillatai tsini."

Dogon shi ne Maigandi, dillalin hatsi, mai farin doki tsoho. Gajeren kuwa Tambari, baduku ne mai ɗinka kayan doki, yana da wani ƙuru mai ƙaton ciki. Tun suna yara suke tsokanar juna, furfura ba ta raba su da halin ba.

Siddiƙu ya gaishe su, ya tuɓe taguwa, ya ja Auta cikin ruwa. Doki ya shiga salin-alin, ya sha, ya busa hanci, ya ɗora haɓa a kafaɗar ubangijinsa. Maigandi ya daina cuɗa, ya tsaya yana kallo.

"Wanga na dokin da aka hwaɗi?"

"Shi na, Baba."

"To, ko dai mutanen gari sun yi ƙarya, ko kai ka musanya shi bisa hanya."

Siddiƙu ya kwashe labari duka ya faɗa musu, tun daga goɗiya har hukuncin mai unguwa. Bai san dalilin da ya sa ya saki baki haka ga mutanen da bai sani ba. Wataƙila don su ne na farko da suka saurare shi ba su ce ya ƙara bulala ba.

Maigandi ya ce shi ya daɗe da ajiye bulala. Kilinsa, in ji shi, da can raƙumi yake tsoro, ko warinsa ya ji sai ya tsinke igiya, ga shi kuwa sana'ar hatsi ba ta yiwuwa sai da Buzaye da raƙumansu. Duka bai yi magani ba. Sai ya riƙa ɗaure shi nesa da zangonsu yana ba shi harawa, bayan 'yan kwanaki ya matsar da turken kaɗan, haka haka har ranar da ya tarar da kili da wani amale suna cin dusa a ƙwarya ɗaya.

"Ƙarya yaka yi," in ji Tambari. "Tsuhwa ta kama su duka biyu, shi da dokin, ba su iya gudu."

Shi kuma Tambari ya ce ƙurunsa baki yake datsewa in ya ga linzami. Ya naɗe ƙarfen da fatar akuya mai laushi, ya shafa zuma. "Yanzu ko ludayi yag gani sai shi hangame baki kamar Maigandi gaban tuwon suna."

Suka dubi Siddiƙu, wai shi ma ya kawo tasa. Ya ce shi ba shi da wata dabara, sai abin da ya gani wurin mai ɗakinsa. Ya kaɗa harshe, ya sosa wa Auta ƙarƙashin haɓa, doki ya lumshe ido. Maigandi ya gwada a kan kilinsa, tsohon doki ya saki leɓe har miyau na zuba. Suka yi ta dariya. Tun daga ran nan Siddiƙu ya zama na ukunsu, kullum hantsi suna bakin gulbi.

Da suka ga tabon bakin Auta, dukansu suka ɗora wa linzami laifi. Tambari ya ɗinka masa ragama mai laushi wadda ba ƙarfe a cikinta. Maigandi ya ce a fara hawansa cikin ruwa, inda ya kai masa ƙirji, don ko ya yi tutsu ba wanda zai ji ciwo. Siddiƙu ya hau shi haka nan ba sirdi, Auta bai ko girgiza ba. Suka fito tudu, haka. Aka ɗora masa sirdi aka ɗaure a hankali, ya yi ta zagaya fadama da ubangijinsa kamar jakin kai taki.

Siddiƙu ya koma gida yana murna, ya ce wa Dijatu an gama. Washegari da safe ya sa babbar riga, ya buɗe adaka, ya naɗa rawanin mahaifinsa, ya fito tsakar gida da niyyar ya je ya gaida mai unguwa a kan doki. Auta na ganinsa ya yi wata irin haniniya, ya miƙe tsaye, ya fizge turken daga ƙasa, ya kai wa rumbu harbi har gero ya zubo. Da ƙyar Dijatu ta lallashe shi bayan maigidan ya koma ɗaki.

Labari ba ya ɓuya a unguwa. Kafin azahar dillalin nan na Bariki ya yi sallama, wai ya zo ya duba haƙoran doki tun da wuri. Siddiƙu ya sallame shi daga zaure, ya dawo ya zauna ya yi tagumi. Watan Zulƙida ya riga ya kama.

Bayan kwana kaɗan Dijatu ta same shi yana alwalar la'asar, ta durƙusa gefe.

"Malam, akwai maganar da nika son hwaɗi, amma ina jin nauyi."

"Hwaɗi mana."

"Ɗazu na hiddo rawanin Baba in shanya, don ya sha zuhwa ran nan. Ina warware shi bisa igiya, Auta yak kama makyarkyata, jikinai duk yaj jiƙe. Ba kowa gidan, daga ni sai shi. Da nim maida shi adaka, sai yak koma cin abincinai." Ta rage murya. "Ni dai ina ga akwai wani abu jikin rawanin nan. Ko iska ta shige shi, ko ko Baba na bai yarda a hau jinin goɗiyatai ba. A kai shi wurin malamai su duba."

Maganar ta soki Siddiƙu. Shekara da shekaru yana tambayar kansa ko mahaifinsa ya tafi da fushinsa, don ya ƙi bin sa gabas ya zauna da iyali. Ya kwana ya tashi da abin a ransa. Da hantsi ya sa rawanin cikin takardarsa, ya rataya a jaka, ya ja Auta zuwa gulbi, ya faɗa wa abokansa yadda suka yi da Dijatu.

Tambari ya buɗe baki zai yi ba'a, ya dubi fuskar Siddiƙu, ya fasa. Maigandi ya fito daga ruwa, ya ɗauko nasa rawanin, fari na harsa, ya naɗa har da amawali, ya tunkari Auta. Doki ya dube shi ya ci gaba da figar ciyawa.

"To, ba rawani na ba," in ji Maigandi. "Tambari, kana da tsumman nan da kaka goge hannu in ka taɓa baƙin zare?"

Tambari ya lalubo wani tsumma da ya sha shuni, ya miƙa. Maigandi bai ko matsa kusa ba, ya dai ɗaga shi ta inda iska ke kaɗawa. Auta ya ɗaga kai, hanci ya buɗe, kunne ya kwanta, ya ja da baya har igiya ta miƙe.

"Ka gani? Wanga tsumma dai bai san mahaihinka ba." Ya jefar da shi nesa. "Ɗana, mutumin da ka kai ma dokin ga horo, mi yaka sa wa kai?"

Siddiƙu ya tuno da shi. Sai ga mutumin nan a idonsa kamar yanzu: tsohon ɗan Kura a kansa dare da rana, shuni ya rine masa goshi da gemu da tafin hannu, har bulalarsa ta yi baƙi wurin riƙo.

"Ɗan Kura," ya ce a hankali.

"Shi ke nan. Wanda maciji yas sara, in yag ga baƙin tsumma gudu yaka yi. Damina guda duk wanda yad dake shi warin shuni yaka yi. Kai ko ga gida ɗan'uwanai kake, amma ranar hawa sai ka ɗauko kan maƙiyinai ka aza bisa naka."

Siddiƙu ya zauna a kan yashi. Ba iska, ba fushin mahaifi. Ya yi hamdala a fili, ya sake yi.

"To ai magana ta ƙare," in ji Tambari. "Shi naɗa hwari ranar jajibiri."

"Kai dai kanka kamar na ƙurunka, ba komi ciki sai dusa," in ji Maigandi. "Jajibirin Salla, bakin ƙohwa? Buzaye na nan, attajirai na nan, kowa ya hiddo ɗan Kuranai. Shi kanshi Junaidu mi kas san shi da shi? Ko wancan karon ai abin da yaf faru ke nan, ga ɗan Kura bisa kanka, ga shi bisa kan mutane ko'ina. Sai dai mu yi mai yadda niy yi ma kili da raƙumi."

Haka aka yi, kuma yawancin aikin a tsakar gida aka yi shi, a hannun Dijatu. Da ta ji bayani ta yi dariyar kanta, ta ce Allah Ya yafe mata zargin surukinta. Aka rataye tsumman Tambari can kusurwar katanga, nesa da turke, sai lokacin cin abinci. Da farko Auta ya ƙi ci, yana ci yana ɗaga kai. Da ya saba, aka matso da tsumman. Daga baya ta shimfiɗa shi ƙarƙashin ƙwaryar dusa. Daga nan ta naɗa shi a hannu tana sosa masa haɓa, tana yi masa surutu kamar yadda take yi tun yana dukushi. Ranar da ya ci dunƙulen dusa da kanwa daga cikin tsumman kansa, ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo suna tambayar wa ya haihu.

Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Wata rana Siddiƙu ya ƙosa, ganin wata na ƙarewa, ya ɗora tsumman a kansa ya tunkari doki kai tsaye. Auta ya firgita, ya koma ƙin cin abinci in tsumma na kusa. Siddiƙu ya je gulbi rai a ɓace.

"Maida shi kusurwar katanga," in ji Maigandi.

"Baba, kwanaki sun ƙare!"

"Awo, sun ƙare. Kai kas san jajibiri, shi bai san shi ba. Maida shi."

Ya mayar. Wannan karon abin bai daɗe ba kamar na farko.

Saura mataki ɗaya, shi ne kuma ya fi yi wa Siddiƙu wuya. Tsumma dabam, rawani mai walƙiya a kan mutum dabam. Dole Auta ya ci abinci a cikin abin da za a hau shi da shi. Siddiƙu ya buɗe adaka, ya daɗe yana kallon rawanin. Shekara takwas ko ƙuda bai bari ya sauka a kansa ba. Ya fito da shi, ya warware a kan tabarma gaban turke, ya zuba dusa a tsakiya. Auta ya yi ta shinshina, ya ja baya, ya dawo, sannan ya sa baki. Kafin ya gama ya jiƙe shi da miyau, ya tattauna gefe ɗaya har ya huje. Dijatu ta dubi mijinta.

"Bar shi," ya ce. "Mai rawanin da kanshi yaka ba uwatai abinci ga bakin riga."

Bayan haka ya riƙa naɗa shi yana zama nesa, yana matsowa, har ya kai ga ba doki dusa a jelar rawanin yana naɗe a kansa. A gulbi Tambari ya aro wani ɗan Kura ya naɗa, ya yi ta kai da komo gaban Auta yana taƙama, yana cewa a kira shi attajiri. Maigandi ya ce ko doki ya san talaka in ya gan shi, shi ya sa bai tsorata ba.

Jajibiri ya faɗo ranar Juma'a. Bakin Ƙofar Kware ya cika maƙil: raguna, jakuna da itace, mata da ƙoren nono, Buzaye da raƙuma sun rufe fuska da baƙin rawani. Siddiƙu ya fito a kan Auta, ba linzamin ƙarfe, ba ƙaimi, rawanin mahaifinsa a kai, ya cusa hujajjen gefen ciki. Maigandi da Tambari suna biye a kan nasu. Mutane na ganin jan doki mai farin goshi suka fara janye yara da kaya. Delu na zaune wurin da ta saba, hannu ya ɗoru amma bai gama miƙewa ba. Ta jawo ƙwaryar furarta ta rungume.

Da suka shiga cikin Buzaye, Siddiƙu ya ji jikin doki ya ɗaure a ƙarƙashinsa. Kunnuwa suka fara kwanciya. Hannunsa ya so ya ja ragama da ƙarfi, irin jan da ya saba. Ya danne, ya sunkuya, ya kaɗa harshe, ya kai hannu ya sosa haɓa. Auta ya tsaya cik, ya busa hanci, ya ɗaga ƙafa ya ci gaba. Suka ratsa ƙofa suka fita, suka juyo suka sake shigowa.

Mai unguwa Junaidu na tsaye da dattawansa a inuwar ƙofa, ya sha sabon ɗan Kura na Salla, sai ƙyalli yake.

"Matso da shi nan," in ji shi. "In aza mai hannu in ji."

Siddiƙu ya matso da shi. Junaidu ya miƙa hannu. Auta ya dubi rawanin nan, ya miƙa wuya, ya shinshina. Sai ya cafki jelar da ta sauko a kafaɗar mai unguwa, ya ja. Rawani ya warware, ya zubo, ya bar dattijo da 'yar hula da sanƙo a bainar jama'a. Doki kuwa ya tsaya yana lalube cikin ƙyallen da leɓe, yana neman dusa.

Jama'a suka zuba ido. Siddiƙu ya diro, ya zube ƙasa. A ransa ya riga ya ga dillali na jan Auta.

"Ranka shi daɗe, ka yi mini rai..."

Delu ce ta fara fashewa da dariya, har tana riƙe hannun da ya karye.

"Ranka shi daɗe, ni ƙashi yak karya min, kai ko sarauta yat tuɓe ka!"

"Ko Nasara sai sun yi shawara kahin su tuɓe mutum," in ji Tambari daga kan ƙurunsa.

Dariya ta ɓarke ko'ina. Junaidu ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya faskara. Ya ƙwato rawaninsa daga bakin doki, ya dubi miyan da ke jiki, ya tambayi abin da ya kawo haka. Maigandi ya ba shi labari a taƙaice. Mai unguwa ya girgiza kai, ya dafa wuyan Auta, ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Na ce in ya yi tutsu a hidda shi. Wanga ba tutsu na ba, roƙo na. Tashi, Siddiƙu, tahi da dokinka gida. Amma don Allah ka riƙa ba shi abinci kahin ku hito."

Siddiƙu ya tashi. Bai sake hawa ba, sai ya ja dokin a ƙasa. Ya tsaya wurin Delu ya sake ba ta haƙuri. Ta ce kome ya wuce, ta dunƙula ɗan dawo ta miƙa wa Auta a tafin hannu, ya lashe. A ƙofar gida ya tarar da Dijatu tsaye a zaure, inda ba ta saba fitowa ba.  Ta ga igiya a hannunsa da doki a bayansa, ta karɓi igiyar ta shige ciki.

Siddiƙu ya ci gaba da sana'arsa ta tufafi. Bai ƙara kai doki wurin mai horo ba, bai kuma ƙara sa wa Auta linzamin ƙarfe ba. Zaman bakin gulbi ya ɗore, wasu masu dawaki suka riƙa zuwa da nasu matsalolin, kowa na faɗin abin da ya gwada. A babbar yunwar da aka yi bayan shekara uku an yi masa tayin dokin, ya ƙi, suka riƙa yankar masa ciyawa a fadama shi da Dijatu har aka sami damina. Maigandi ya rasu a shekarar 1337, Tambari ya bi shi ba da daɗewa ba. Auta ya mutu da tsufa a turkensa a 1347. Siddiƙu ya rasu a gidansa na Ƙofar Kware cikin watan Safar na 1350, ya bar Dijatu da 'ya'ya huɗu. Rawanin yana hannun babban ɗansa, Abdulwahabu, da hujinsa yadda yake.